Ranar da Aka Gyara Mana Filin Gudu

Ranaku da yawa na aikin nan sun shige mini duhu, amma ban da ranar da motocin jar ƙasa suka shigo makarantarmu. Cikin watan Mayu ne, da hantsi, zafi ya kai inda ya kai, ina tsaye da 'yan ajin sizyam a gindin aduwa muna jiran numfashinsu ya dawo. Sai muka ji rugugi daga bakin hanya. Yara suka watse da gudu suna ihu suna tafi, ni ma na bi bayansu ina dariya kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Ku da kuka shigo aikin koyarwa a bayanmu, ku saurari yadda abin ya kasance, don na san wata rana za a zo muku da irin wannan alherin.

Ni malamin motsa jiki ne, abin da ake kira EPS. Sunana Lawali, amma Mushe ake ce mini, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. An turo ni ina ɗan kwantiragi, wato malamin da gwamnati ba ta riga ta ɗauka dindindin ba, zuwa wani kwalej na ƙauye da ke can ciki, in ka sauka daga hanyar Dakoro zuwa Kornaka. Kwalej shi ne inda yaro ke shiga in ya gama ƙaramar lakwal, wato firamare, ya fara daga sizyam ya ƙare a turwazyam, sannan ya zauna jarrabawar BEPC. Shugabanmu a lokacin Dirakte Mamman Sani ne, mutum mai haƙuri da son makarantar har cikin ransa. Ina faɗin haka tun yanzu don kada wani ya ji labarin ya ɗora masa laifi.

Makarantar nan mutanen gari ne suka haife ta. Sun gaji da tura 'ya'yansu Dakoro su zauna a gidajen mutane, shekara ba ta ƙarewa yaro ya tattaro kayansa ya dawo. Da suka kai kuka aka ce musu su samo wuri su kafa azuzuwa, za a turo malamai. Wani dattijo ya ba da gonarsa ta bakin gari. Gefen gabas ya bayar har abada, nan aka kafa rumfunan kara da muke kira azuzuwa. Gefen yamma kuwa ya ce ba zai iya rabuwa da shi ba, don shi ne cikin gidansa, amma ya ba makaranta aronsa duk rani yara su yi wasa. Da damina gona ce, da rani filin makaranta. A gaban maigari da liman aka yi maganar, aka shafa fatiha, shi ke nan. Da dattijon ya rasu, ɗansa Baba Nomau ya gaji gonar, ya gaji alkawarin, bai taɓa canza ko taƙi ɗaya ba.

Abin ya zauna daram saboda shekarar makaranta da shekarar manomi ba sa karo. Mu muna tafiya babban hutu daidai lokacin da ruwa ya sauka, mu dawo cikin Oktoba an gama girbi ko ana cikin yi. Darasina na farko kowace shekara ba gudu ba ne. Yara ne za su shiga gonar su tumɓuke tushen gero su share, Baba Nomau ya bar mana karan mu gyara rumfunanmu da shi. Sai in ɗauko igiya da turaku in zana da'irar gudu, a zuba toka a kan layi.

Darasin ƙarshe kuma shi muke kira ranar taki. Kun san manomi yana barin makiyayi ya sauka a gonarsa da rani don dabbobi su bar masa taki. Baba Nomau ba ya samun wannan, tun da ƙafafun yaranmu ne a gonarsa maimakon shanu. Saboda haka kafin mu tafi hutu kowane ɗalibi zai kawo taki daga gida, wani a kwando, wani a tsohon buhu, 'ya'yan Fulani da na Buzaye har da amalanke suke zuwa. A baza shi ko'ina a gonar ana waƙa ana tsokanar juna. Babu inda aka rubuta wannan a tsarin koyarwa, kuma babu dirakten da ya taɓa tunanin hana shi. Geron gonar nan, in ka gan shi cikin Agusta, sai ka rantse ba a ƙasar Dakoro yake ba.

Ƙwallo kam ba mu iya ba, kada in yi muku ƙarya. In muka je gasar makarantu a Dakoro, ci ake yi mana har mai tsaron gidanmu ya gaji da sunkuyawa. Amma gudu, wannan namu ne. Yaron da ke tasowa daga ruga ko tunga da sassafe ya taka rairayi ya zo makaranta, sannan ya yi shekara yana zagaya gona mai laushi da ƙafa ba takalmi, in ka ɗora shi a ƙasa mai tauri sai ka ga kamar an kwance masa dabaibayi. Yadda gasar take, ana farawa tsakanin makarantun gunduma a Dakoro, waɗanda suka yi fice su wuce Maraɗi. Shekara da shekaru ba a tafiya Maraɗi babu 'yan makarantarmu a cikin mota. Mutanen gari da ba su san me ake karantawa a aji ba sun san wannan, kuma suna taƙama da shi a kasuwa.

A shekarar da nake ba ku labari, wadda ta fi kowa gudu a hannuna ita ce Zuwaira, jikar Baba Nomau. Mahaifinta ya rasu, ita da uwarta suna gidan kakan. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma in ta shiga dogon gudu har maza sai sun yi da gaske. Tana farkon ajin katiryam, wanda daga shi sai turwazyam, ta je Maraɗi ta dawo da kofi, kuma a gaskiya wannan kofin ne ya jawo mana idon manya. Wani furoje, wato ƙungiyar taimakon makarantu, ba sai na kama suna ba, ya ji labarin ƙauyen da yara ke gudu a gona suna cinye 'yan birni. Suka ce irin waɗannan yara sun cancanci fili na gaske.

Aka yi taro a makaranta. Baƙi sun zo da mota fara, maigari na nan, iyayen yara na nan. Aka bayyana cewa za a shimfiɗa jar ƙasa a kan layin gudu kawai, a danne ta ta yi sumul, tsakiya kuma a bar ta yadda take. Na tambayi Dirakte a gefe ko an yi magana da mai gonar.

Ya ce, "Ga shi nan zaune, Mushe Lawali. Yanzu za a tambaye shi."

Maigari ya juya ya ce, "Nomau, ka ji abin da baƙi suka zo muna da shi. Mi ka ce?"

Ku da kuka san mutanenmu, ku gaya mini wane dattijo ne za a tambaya a gaban baƙi, a gaban maigari, jikarsa na zaune da kofi a cinya, ya buɗe baki ya ce a'a. Baba Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Abin da duk ya zam alheri ga ɗiyanmu, ni ba ni hana shi. Tsakiyar dai a bar mini in zuba hatsi."

Aka ce masa ai wannan ba matsala. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, baƙi suka sha fura suka tafi.

An ce aiki zai fara cikin sanyi. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, ba mu ga kowa ba, sai ranar nan ta watan Mayu. Ɗan kwangilar da aka ba aikin ya makara, kuma ya san in ruwa ya sauka motocinsa ba za su iya hanyarmu ba. Saboda haka ya zo da gaggawa. Shi bai halarci taro ba, bai san wani Nomau ba, an dai ce masa filin wasa na makaranta. Katafila ta shiga ta kankare saman gonar tun daga wannan gefe har wancan, ta tura ƙasar ta tara a bakin kwari. Baƙar ƙasar nan da yara suka yi shekaru suna ciyarwa da kwandunansu, kafin azahar ta zama tudu guda a gefe. Tafin da nake yi ya tsaya. Na ruga wurin direban ina ɗaga hannu.

Na ce, "Malam, tsaya! Layi kaɗai aka ce, tsakiyar gona ce!"

Ya leƙo ya ce, "Mushe, ni an ce in daidaita hili. Ka yi magana da mai aiki."

Mai aiki yana Maraɗi. Dirakte ya hau tudu yana neman layin waya, ya samu da ƙyar, aka ce masa kada ya damu, in an gama za a mayar da baƙar ƙasar tsakiya. Kafin kwana biyu motoci sun juye jar ƙasa mai tsakuwa ko'ina, katafila ta baza ta sama-sama. Motar da za ta danne ta, aka ce tana tafe. Har yau da nake muku magana tana tafe.

Baba Nomau yana tsaye a bakin gonar duk wannan abu, hannuwansa a baya. Bai yi faɗa da kowa ba. Da ma ya yi, wallahi da na fi samun sauƙi.

Ranar taki ta zo, ba wanda ya ce wa yara kada su kawo, don haka suka kawo. Suka tsaya da kwanduna a ka suna kallon jan fili suna kallona. Zuwaira ce ta tambaya.

"Mushe, ina za mu zuba?"

Kakanta ne ya nuna wani ɗan siririn gefe da katafila ba ta kai ba, wajen shingen maƙwabcinsa, ya ce su zuba nan, Allah ya yi musu albarka. Aka zuba ba waƙa, kowa ya kama hanyar gida.

Ruwan farko mai ƙarfi ya same ni a garin, don ban tafi hutu ba, ina jiran jarrabawar 'yan turwazyam. Ruwan ya kwashe tudun baƙar ƙasar ya zuba a kwari, ya yayyanka jan filin ya bar ramuka. Da gari ya waye kowa ya fita shuka. Na bi ta makaranta na tarar da Baba Nomau da sungumi, uwar Zuwaira na biye da ƙwaryar iri. Ya ɗaga sungumin ya sara, sai ƙara kamar ya bugi dutse. Ya matsa gaba ya sake sarawa. Ya yi ta yi har tsakiyar filin, ita kuma tana biye ba ta jefa ko ƙwaya ɗaya ba, don babu ramin da za ta jefa. Na gaishe shi ya amsa da kyau, har ya tambaye ni mutanen gida. Na wuce bayan aji na zauna, raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba a aikin nan.

Cikin hutu ni da Dirakte ba inda ba mu shiga ba. Ofishin furoje suka ce wa'adin aikinsu a yankin ya cika, sun rufe, abin da ya rage tsakanin ɗan kwangila ne da hukuma. Ɗan kwangila ya daina ɗaukar waya. Wani babba daga cikin manyanmu ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Makarantu nawa ne ke roƙon fili ba su samu ba? Ku kun samu kuna ƙorafi." Na fara ɗaga murya, Dirakte ya taka mini ƙafa. Ɗan kwantiragi ba ya ɗaga murya a ofis, in yana son ya ga wata shekarar.

Muka dawo cikin Oktoba. Babu tushen gero da za a tumɓuke, babu karan gyaran rumfa, sai da iyaye suka yi karo-karon kara daga gonakinsu. Na ce bari dai mu gwada filin, tun da an ce namu ne. Na jera 'yan gudu na busa usur. Ba su yi rabin zagaye ba suka fara ɗingishi, wasu suka zauna suna ciro tsakuwa daga tafin ƙafa. Yaranmu ba su da takalmin gudu, silifas ɗin da suke zuwa da shi ma cirewa suke su ajiye don kada ya tsinke. Zuwaira kaɗai ta ƙi tsayawa. Ta gama zagayen ta zo gabana, duk inda ta taka sai ya bar jini.

Ta ce, "Mushe, in an saba zai yi."

Na ce, "Ba zai yi ba, ɗiyata. Je ki wanke ƙafarki."

Na nemi wani wuri. Gonakin da ke kusa duk masu su sun riga sun yi alkawari da makiyaya, kuma bayan abin da ya sami Nomau, wa zai ba makaranta aron ko da inuwar bishiya? Wani ya faɗa mini a fuska, yana dariya amma ba wasa yake ba: "Mushe, ku da an ba ku aro sai ku kawo katahila." Na gwada burtali, hanyar shanu, garke ya taso mana ranar farko, saura kaɗan a tattake mini 'yan sizyam. Na gwada bakin hanyar mota, Dirakte ya hana, kuma yana da gaskiya.

A gidan Baba Nomau kuwa, abin da ɗan gefen nan ya bayar bai kai su ko'ina ba. Yana da wata 'yar gona can nesa a jigawa, amma ba ita ce ke riƙe da gidan ba. Kafin sanyi ya yi nisa rumbu ya nuna gindinsa. Uwar Zuwaira ta ce za ta tafi Agadas wurin 'yar'uwarta da ke sayar da abinci, kuma tana bukatar hannu. Na je gidan na yi magiya, na ce shekarar BEPC ce, na ce yarinyar nan tana da abin da ba kowa Allah ke ba. Uwar ta saurare ni har na gama.

Ta ce, "Mushe, duk abin da ka hwaɗi gaskiya ne. To mi za ta ci ta yi gudun?"

Ranar kasuwa suka shiga mota. Zuwaira ta aiko wata ƙawarta ta ce a gaishe ni. Shekarar nan ba mu je Dakoro ba, balle Maraɗi, kuma ba mu sake zuwa ba.

Da bazara ta kusa sai muka ga Baba Nomau ya fara zuwa filin da magirbi da kwando. Yana haƙar jar ƙasar da hannunsa, ya cika kwando, ya kai bakin kwari ya zubar, ya dawo. Tsoho ne, a yini bai fi ya buɗe wurin shimfiɗa tabarma ba, amma kullum yana nan. Ni dai na yi kamar ban gani ba, a raina ina yi masa addu'a. Sai labari ya kai sama. Aka kira Dirakte aka ce masa filin wasan yanzu yana cikin kayan makaranta da hukuma ta karɓa, kuma an ji wani yana lalata shi. In bai hana ba, shi zai amsa.

Dirakte ya kira ni ofis, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Filin wasa a hannunka yake, Mushe Lawali. Ni ba zan iya kallon idon tsohon nan ba. Don Allah ka je."

Na je. Na same shi a durƙushe, gumi ya jiƙa masa riga. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗa masa abin da aka aiko ni. Ya ajiye magirbin ya miƙe a hankali yana dafa ƙugu. Ya dubi filin tun daga gabas har yamma, sannan ya dube ni.

Ya ce, "To, Mushe, na ji. Hilin gudu ne, ko? Kawo ɗiyan su yi gudu bisa nai in gani. In sun yi, wallahi na bar muku shi har abada, ban ƙara taɓa shi."

Azuzuwa na bayana cike da yara, amma babu ɗaya da zan iya kira in ce ya cire takalmi ya hau wannan tsakuwar. Ya jira ni. Da ya ga ban kira kowa ba, ya ɗauki kwandonsa da magirbinsa ya tafi gida, don ba mutumin da zai ja da hukuma ba ne. Bai sake dawowa ba. Filin na nan yadda ya bar shi, ja, da ramuka, ko akuya ba ta tsayawa a kai.

Abin da na koya ke nan, kuma ba mai daɗi ba ne. Makarantar ƙauye ba gini ke riƙe da ita ba, mutane ne, da 'yan alkawuran da suka ƙulla tsakaninsu waɗanda baƙo ba zai gani ba ko ya kwana a garin. Mutanenmu kuma ba sa cewa a'a a gaban taro, ko da abin zai cinye su. In aka zo muku da kyauta, kafin ku yi tafi, ku je gidan wanda abin zai taɓa, ku zauna da shi ku biyu, ku tambaye shi me yake ci. Mu duka a wurin nan, daga baƙi har malamai, alheri muke nufi, kuma da alherin namu muka raba tsoho da gonarsa, muka raba yarinya da makaranta.

Har yanzu ina makarantar, yanzu ma an ɗauke ni dindindin. In lokacin darasina ya yi, nakan fitar da yara gindin aduwa su ɗaga hannu su sauke, su yi tsalle a wuri ɗaya, sannan mu koma aji. Sai in ɗauki alli in zana musu da'irar gudu a allo, in nuna inda ake tashi da inda ake ƙarewa. Su kuma su sunkuya su kwafa da kyau, har da ja layi da jan biro.